Numfashin dutse: abin da iska da ruwa ke tonawa game da wutar ƙarƙashin ƙasa

A daren Alhamis, 21 ga Agusta 1986, wajen ƙarfe 9, mazauna kwarin da ke ƙasan tafkin Nyos, a arewa maso yammacin Kamaru, sun ji wata ƙara kamar ta tsawa daga wajen tafkin. Kafin gari ya waye mutum 1,746 sun rasu a ƙauyukan Nyos, Cha, Subum da maƙwabtansu, tare da dabbobi kimanin 3,500, da yawansu shanun Fulani makiyaya ne da ke kiwo a kan tuddan yankin. Ba gidan da ya rushe, ba bishiyar da ta ƙone, kuma waɗanda suka fara isa wurin sun ba da labarin cewa ko ƙuda babu a kan gawawwakin, domin ƙudajen ma sun mutu. Tafkin, wanda aka sani da ruwa garau, ya wayi gari jawur kamar an zuba masa jar ƙasa. Shekara biyu kafin nan, a ranar 15 ga Agusta 1984, irin wannan ta faru a tafkin Monoun da ke kudu da shi, inda mutum 37 suka mutu a bakin hanya, amma labarin bai yi nisa ba.

Tambayar da ta raba kan masana a lokacin ita ce mene ne ya fito daga tafkin, kuma me ya fito da shi. Nyos rami ne na tsohon aman wuta da ruwa ya cika, zurfinsa ya haura mita 200, don haka wasu, cikinsu har da fitaccen masanin nan na Faransa Haroun Tazieff, suka tsaya a kan cewa dutsen ne ya farka ya huro tururi da iska mai guba ta ƙasan ruwan. Suna da hujja, domin waɗanda suka tsira sun ce sun ji warin ruɓaɓɓen ƙwai da na albarushi, wanda shi ne warin farar wuta. Wasu kuma, kamar Haraldur Sigurdsson da ya binciki Monoun, da George Kling, da Minoru Kusakabe na Japan, suka ce iskar ta daɗe tana taruwa a narke cikin ruwan ƙasan tafkin, daren nan kawai ta samu hanya. An yi taro a Yawunde a 1987 ba a tashi da baki ɗaya ba. Abin da ya karkata ra'ayin mafi yawan masana daga baya shi ne abin da aka ɗebo daga cikin ruwan aka kai ɗakin gwaji.

Da dutsen ne ya yi aman, da ruwan ƙasan tafkin ya yi zafi, da an samu farar wuta da kulorin masu yawa a cikinsa, da kuma lakar da ke kwance a ƙasa ta hautsine. Ba a ga ko ɗaya ba. Zafin ruwan ƙasa bai wuce digiri ashirin da 'yan kai ba, farar wuta kusan babu, kuma iskar da ke narke a ciki kusan dukkanta kabon dayoksaid ce, wadda za mu riƙa kira iskar kabon. Jan launin nan ma ya samu bayani: ruwan ƙasa cike yake da narkakken ƙarfe, da ya taso sama ya haɗu da iskar da muke shaƙa sai ya yi tsatsa. Warin da mutane suka ji kuwa, likitoci sun san cewa iskar kabon idan ta yi yawa takan ruɗa hanci har mutum ya ji warin abin da babu shi. Sai dai gwajin bai wanke dutsen gaba ɗaya ba. Kabon ɗin ba shi da alamar da ake samu a ganye ko itacen da ya ruɓe ba da daɗewa ba, kuma ɗan heliyom (wata iska mara nauyi) da ke tare da shi yana ɗauke da nau'in nan mara nauyi, heliyom-3, kusan ninki 6 na rabon da ke cikin iskar duniya. Wannan nau'i daga can cikin ƙasa yake fitowa, inda narkakken dutse yake. Wato iskar ta dutsen ce, amma a sanyaye ta iso, ta hanyar idanun ruwa da ke ɓulɓula a ƙasan tafkin shekara da shekaru.

Domin a fahimci yadda ake irin wannan karatu, sai an san abin da ke tsakanin narkakken dutse da tafin ƙafarmu. Ruwan sama yana nutsewa ta tsagogin duwatsu har zurfin kilomita ɗaya ko fiye, ya tarar da zafin da ke tasowa daga ƙasa, ya yi ɗumi, ya taso, wani ya maye gurbinsa. Wannan zagaye na ruwan zafi da tururi shi ne ke shayar da maɓulɓulan ruwan zafi, da ramukan laka mai tafasa, da hudojin da ke hura tururi a jikin dutse. Duk iskar da narkakken dutse ya saki, sai ta bi ta cikin wannan ruwa kafin ta iso sama. Mai auna girgizar ƙasa yana jin motsin dutse, mai auna kumburin ƙasa yana ganin yadda cikinsa ke cika, amma mai ɗibar iska da ruwa shi kaɗai ne ke riƙe wani abu da ya fito daga can ciki a hannunsa. Matsayinsa kamar na mai gwajin jini da fitsari ne a asibiti.

Abin da ya sa iskar ke da amfani shi ne ba lokaci ɗaya take barin narkakken dutse ba. Iskar kabon ba ta jure zama a cikinsa, tun yana zurfin kilomita goma ko fiye take fara fita, ita da heliyom. Farar wuta takan jira sai matsi ya ragu, ruwa da kulorin kuwa mafi yawansu sai an kusa sama. Saboda haka idan rabon kabon a kan farar wuta ya tashi kwatsam a hayaƙin dutse, akan fassara shi da cewa sabon narkakken dutse ya shigo daga zurfi, idan kuma daga baya farar wuta ta rinjayi kabon, to ya matso. A duwatsun Etna da Stromboli na Italiya an sha ganin wannan tashi na kabon kwanaki ko makonni kafin babban amai. Shi ya sa masana suka fi damuwa da rabon wannan a kan wancan fiye da yawan kowanne shi kaɗai, domin guguwa da ruwan sama suna iya tsarma abin da aka auna, amma da wuya su canja rabon.

Matsalar, kuma ita ce zuciyar wannan fanni, ruwan da ke cikin dutse ba ɗan aike mai amana ba ne. Iskar farar wuta mai shaƙe maƙogwaro, salfa dayoksaid, da iskar kulorin suna narkewa cikin ruwa nan da nan, don haka dutsen da cikinsa ke jiƙe zai iya haɗiye su kusan duka, ya bar mai awo yana ganin sifili alhali wuta na matsowa. Abin da ke tsira shi ne kabon da heliyom, da kuma ɗaya iskar farar wutar mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sai zafi ya ƙafar da hanya tukuna salfa dayoksaid ke bayyana, kuma bayyanarta a dutsen da a da ba ya fitar da ita labari ne babba. Bugu da ƙari, ma'adinan da ruwan ke ajiyewa, kamar silika, ma'adinin da ke cikin yashi, da ita kanta farar wutar, suna toshe tsagogi sannu a hankali, su zama murfi a kan tukunya. Idan haka ta faru iskar da ke fita takan ragu, matsi kuwa yana ƙaruwa a ƙasa.

Dutsen Pinatubo na Filifin ya nuna wannan a 1991. A ranar 13 ga Mayu an auna salfa dayoksaid kimanin tan 500 a rana, zuwa 28 ga wata ta haura tan 5,000, sannan a 5 ga Yuni ta faɗo zuwa kimanin tan 260. Wanda bai san dawan garin ba zai ce dutsen ya huce. Masanan Filifin da takwarorinsu na Amurka sun dubi na'urorin girgiza, suka ga ba ta lafa ba, suka fahimci cewa hanyar iskar ce ta toshe. Aka kwashe dubun-dubatar mutane, kuma a ranar 15 ga Yuni dutsen ya yi ɗaya daga cikin manyan aman ƙarni na 20. A ganina darasin Pinatubo ba wai iska ta yi duba ba ne, lambar 260 ita kaɗai tana iya nufin lafiya, tana iya nufin halaka, kuma abin da ya bambance su shi ne awon da aka yi kafinta da kuma shaidar sauran na'urori.

Ɗibar samfurin kansa aiki ne na sai da rai. Hanyar da aka fi amincewa da ita har yau ita ce wadda Werner Giggenbach, Bajamushen da ya yi aikinsa a Niyu Zilan, ya fito da ita a 1975: kwalbar gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, aka zuba mata ruwan soda mai ƙarfi, irin sodar haɗa sabulu. Ana cusa bututu a hudar tururi, iska ta bi ta cikin ruwan sodan, tururi da iskoki masu tsami su narke a ciki, marasa narkewa irin su heliyom, haidurojin da naitirojin su taru a sarari a saman kwalbar, daga baya a auna kowane kashi daban. Sakamakon yana da kyau ƙwarai, amma dole mutum ya durƙusa a bakin ramin. A ranar 14 ga Janairu 1993 dutsen Galeras na Kolombiya ya fashe a kan wata tawaga da ta hau yayin wani taron masana, ya kashe mutum 9, shida daga cikinsu masana, har da Igor Menyailov na Rasha wanda yake ɗibar iska a cikin ramin. Tun daga nan aka ƙara ƙaimi wajen awo daga nesa. Akwai na'urorin da ke duban hasken rana da ya ratsa hayaƙi su lissafa farar wutar da ke ciki, akwai akwatunan da ake girkewa a bakin dutse su riƙa aika rabon iskoki ta rediyo, akwai kuma taurarin ɗan'adam. Duk da haka na'urorin nesa ba sa ganin heliyom, kuma iskar kabon tana yi musu wuya domin sararin sama cike yake da ita tun asali, ga shi tururi mai tsami yana cinye wayoyi da ƙarafa cikin 'yan watanni. Har yanzu ba a rabu da mai kwalba ba.

Ruwa kuwa ya fi iska haƙuri, kuma ya fi ta riƙe tarihi. Masana sukan fara da tambayar wane sinadari ne ya rinjaya a maɓulɓula. Ruwan da gishiri ya yi wa yawa, wanda ba shi da tsami, galibi daga ainihin tafkin zafi na can ƙasa ya taso. Mai tsananin tsami da farar wuta ruwa ne na kusa da doron ƙasa wanda tururi ya dafa, ba ya faɗin komai game da zurfi sai dai game da tururin. Wanda ke ɗauke da sinadarin dangin kanwa kuma akan same shi a gefe-gefe, inda iskar kabon ta narke cikin ruwa mai sanyi ta ci duwatsu, kuma irinsa ne ke shiga ƙasan Nyos. Akwai wata dabara mai ban sha'awa a nan. Yawan silikar da ruwa ke narkarwa, da rabon sodiyom a kan fotasiyom, sun dogara ga zafin wurin da ruwan ya daɗe yana zaune, kuma idan ya taso da sauri ba ya samun damar sauya su. Don haka ruwan da ya fito da ɗumin da za a iya wanka da shi yana iya shaida cewa a ƙasa ya kai digiri 250. A tafkin da ke saman dutsen Ruapehu na Niyu Zilan, ƙaruwar magniziyom a kan kulorin ta kasance alamar cewa sabon dutse mai zafi ya taɓa ruwan, kamar yadda aka gani a aman 1995.

Inda wannan ilmi ya fi rauni shi ne fashewar tururi, wadda ba ta buƙatar narkakken dutse ya iso sama ko kaɗan. Ruwan da ke ƙarƙashin murfi yana iya wuce digiri 200 bai tafasa ba saboda matsi, da zarar murfin ya tsage sai ya koma tururi cikin ƙiftawar ido ya watsa duwatsu. Haka ta faru a dutsen Ontake na Japan da tsakar ranar Asabar, 27 ga Satumba 2014, lokacin da masu hawan dutse suka cika ƙololuwarsa, mutum 63 suka mutu ko suka ɓace. Bayan abin ya faru, Yuji Sano da abokan aikinsa suka nuna cewa rabon heliyom-3 a maɓulɓular da ta fi kusa da dutsen ya yi shekara goma yana hawa. Alamar gaskiya ce, amma alamar da ta ɗauki shekara goma ba ta gaya wa kowa kada ya hau dutse ranar Asabar ba. A tsibirin Whakaari na Niyu Zilan kuma an ga farar wuta da girgiza suna ƙaruwa, har an ɗaga matakin gargaɗi zuwa na 2 a Nuwamba 2019, amma jiragen ruwa suka ci gaba da kai 'yan yawon buɗe ido, kuma a 9 ga Disamba mutum 47 na kan tsibirin lokacin da ya fashe, 22 suka rasa rayukansu. Kuskure ta ɗaya ɓangaren ma yana da tsada: a 1976 an kwashe mutum sama da 70,000 daga kewayen dutsen Soufrière na tsibirin Gwadalup na tsawon watanni, narkakken dutse bai fito ba, masana suka yi ta cacar baki a bainar jama'a.

Wurin da ya fi nuna ƙimar dogon awo shi ne Campi Flegrei, a yammacin birnin Naples na Italiya, inda mutane kusan rabin miliyan ke zaune a cikin ƙaton ramin tsohon aman wuta da kewayensa. Tsakanin 1982 da 1984 ƙasar garin Pozzuoli ta tashi kusan mita 1.8, aka kwashe mutum kimanin 40,000, kuma tun wancan lokaci ake ɗibar tururin hudojin Solfatara, wani ramin aman wuta da ke gefen garin, a kai a kai. Da ƙasar ta sake fara tashi daga 2005, masu awo, waɗanda Giovanni Chiodini ya yi fice a cikinsu, suna da abin kwatantawa na shekara ashirin: sun ga kason iskar kabon yana ƙaruwa a cikin tururin, sun ga iskokin da ke nuna zafi suna shaida cewa ruwan ƙasa na ƙara ɗumi, kuma a 2012 hukuma ta ɗaga gargaɗi daga matakin kore zuwa na ruwan ɗorawa. Har yanzu ana muhawara kan ko narkakken dutsen ne da kansa ke matsowa ko iskarsa ce kawai ke hura tukunyar ruwan, amma muhawara ce da ake yi a kan lambobi. Rabon yankin da aman wuta tun 1538.

Mu koma Nyos, inda awo ya wuce bayani ya zama magani. Ruwan da ke zurfin mita 200 yana ƙarƙashin matsi kusan ninki 20 na wanda ke sama, don haka yana iya riƙe iskar kabon kusan ninki 20, kamar lemon kwalba da ba a buɗe ba. Ruwan ƙasa ya fi na sama nauyi saboda abin da ke narke a cikinsa, kuma a ƙasa mai zafi babu hunturun da zai sanyaya sama har tafkin ya juya kowace shekara, saboda haka iskar tana nan tana taruwa. Idan wani abu, zaftarewar ƙasa ko ruwan sama mai sanyi na tsakiyar damina, ya ɗago ruwan ƙasa kaɗan, kumfa ta fara fita, kumfar ta ja wani ruwan sama, abin ya ci gaba da kansa. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi da kusan rabi, shi ya sa ta gangara kwari kamar ambaliya har nisan kilomita ashirin da wani abu. Ko auna ta ma sai da dabara, domin ruwan da aka ɗago yakan zubar da iskarsa a hanya, har Kusakabe ya fito da hanyar saukar da sirinji mai ɗauke da sinadarin da ke kama kabon tun a can ƙasa. Awon shekarun da suka biyo bayan 1986 ya nuna a fili cewa tafkunan biyu suna sake cika, kuma Monoun, da yake ƙarami ne, zai riga kaiwa iyaka.

A kan wannan hujja aka gina maganin. Tawagar Michel Halbwachs ta Faransa ta gwada zura bututun roba daga kan wani dandamali mai iyo har kusa da ƙasan tafki. Famfo yana fara jan ruwan, da ya taso kumfa ta fito sai ta ci gaba da tura shi ba tare da inji ba, ruwa da iska su yi tsiri sama har kusan mita 50, iskar ta watse kaɗan-kaɗan yadda ba za ta cutar ba. An kafa bututu na dindindin na farko a Nyos a 2001, aka ƙara biyu a 2011, Monoun kuma ya samu nasa daga 2003. Cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai ta Kamaru, tare da abokan hulɗa daga Japan da Amurka, ta ci gaba da awo, kuma an ga iskar ta ragu sosai. Amma idanun ruwan da ke ƙasa ba su daina zuba ba, ga shi yayin da iskar ke raguwa ƙarfin da ke tura ruwa a bututun shi ma raguwa yake yi, har ya tsaya, kamar yadda aka gani a Monoun inda sai da aka nemi taimakon famfo mai aiki da hasken rana.

Tafki na uku mai irin wannan hali shi ne Kivu, tsakanin Ruwanda da Kwango, wanda ya ninka Nyos girma sau dubbai, yana ɗauke da iskar kabon da iskar gas mai kamawa da wuta, mutane kimanin miliyan biyu na zaune a gaɓarsa, kuma dutsen Nyiragongo da ya malalo cikin birnin Goma a 2002, ya sake tasar wa gefensa a 2021, yana tsaye kusa da tafkin. Ruwanda tana zuƙo gas ɗin tana samar da lantarki, abin da ke buƙatar a riƙa auna kowane hawa na ruwan don kada a dagula jerin da ke riƙe da iskar.

Nyos bai yi wa Najeriya nisa ba. Yana kan jerin duwatsun aman wuta da ya taso daga tsibiran tekun Gini, ya bi ta dutsen Kamaru wanda ya yi amai a 1999 da 2000, ya miƙe har tuddan Adamawa da Biu a jihar Borno, inda tafkin Tila shi ma ramin tsohon aman wuta ne. Bakin tafkin Nyos ta arewa wata ganuwa ce ta toka da tsakuwar aman wuta, tsayinta kimanin mita 40, wadda ruwa ya daɗe yana ci. In ta karye, ruwan zai bi kogin Katsina-Ala ya shigo Taraba da Binuwai, kuma sauke nauyin da ke danne ruwan ƙasa farat ɗaya zai iya sakin duk iskar da ta rage. Tsoron wannan ambaliya na daga cikin dalilan da suka sa aka gina madatsar ruwan Kashimbila a jihar Taraba, a kan wannan kogin, kusa da iyakar ƙasashen biyu.